Ciwon baya a gaɓar Tafkin Kainji: Abin da hoton asibiti ke gani da abin da ke kuɓuce masa

A bakin ruwan Yauri kusan kowane aiki da baya ake yin sa. Masunci zai tsaya cikin kwalekwale ya murɗa ƙugu ya watsa birgi, sannan ya sunkuya ya jawo shi da nauyin ruwa da na kifi. 'Yan dako na sauke buhunan albasa da na shinkafa daga jirgi su haura tudu da su a ka. A fadamun Shanga da Ngaski manomi na duƙe kan fartanya tun safe, mata na ɗauko ruwa da itace, ɗan kabu-kabu kuma na shan girgiza a hanyoyin ƙauye har dare.

Shi ya sa "bayana ya riƙe" ba baƙuwar magana ba ce a wannan yanki. Hanyar da mai ciwon ke bi ma sananniya ce. Zai fara da kemis a haɗa masa ƙwayoyi a leda. In bai saki ba, wanzami ya yi masa ƙaho. Wani ya ce basir ne, wani ya ce sanyi ne, a kawo jiƙe-jiƙe. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a nufi asibiti da buƙata guda: a yi masa hoto.

Hoto na da kwarjini a idon jama'a. Mutum ya fi gamsuwa da likitan da ya tura shi hoto a kan wanda ya duba shi ya ce ya je ya dawo bayan mako biyu. Sai dai abin da ake koya wa likitocin da ke neman ƙwarewa kan karanta hoto a asibitocin koyarwa ya saɓa wa wannan ɗauka. Yawancin masu ciwon baya ba sa buƙatar hoto ko kaɗan. 'Yan kaɗan daga cikinsu kuma na buƙatar wani irin hoto na daban, cikin gaggawa. Kuma ko an yi hoton, amfaninsa ya rataya kan abin da mai karanta shi ya sani game da majinyacin, har da garin da ya fito da sana'ar da yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba cikin lalurorin da ke hana mutane aiki a duniya. Kusan tara cikin kowane goma, ba a iya nuna wani abu guda a jiki a ce shi ne sanadi.

Gammo 23 a cikin baya

Ƙashin baya gaɓoɓi ne aka ɗora kan juna: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sai na can ƙasa da suka manne suka zama ƙashi guda. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani matashi na guringuntsi, wanda a asibiti ake kira dis. Aikinsa aikin gammo ne, yana ɗauke nauyi yana hana ƙashi gugar ƙashi. Guda 23 ne a jikin mutum.

Kowane gammo na da tsakiya mai laushi wadda mafi yawanta ruwa ne, sai zaruruwa masu ƙarfi da suka kewaye ta hawa-hawa kamar ɓawon albasa. A bayan gaɓoɓin akwai wani kwararo da lakar baya ke bi. Lakar na ƙarewa ne a saitin gaɓar ƙugu ta farko ko ta biyu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne ke sauka a tare kamar gashi, shi ya sa likitoci ke kiran su wutsiyar doki. Su ne ke kai saƙo ga ƙafafu da mafitsara da dubura da al'aura.

Yayin da shekaru ke tafiya gammo na bushewa, zaruruwansa na tsagewa. Wani lokaci tsakiyar nan mai laushi ta ɓullo ta tsagar ta tokari jijiya. A nan ne ciwo ke barin ƙugu ya bi ɗuwawu ya sauka cinya har tafin ƙafa. Masunta ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan, don sun san abin da ake ji idan minjirya ta taɓa mutum.

Sanin hakan bai daɗe ba. A 1934 ne wasu likitocin tiyata biyu a birnin Boston na Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa cewa abin da ake cirowa daga bayan irin waɗannan majinyata, wanda a da ake ɗauka ƙari ne, ɓallin gammo ne kawai.

Abin da zai ba ɗan dako mamaki shi ne, aikin ƙarfi ba shi ne babban dalilin lalacewar gammo ba. Dogon binciken da aka yi kan tagwaye a ƙasar Finland tun shekarun 1990 ya nuna gado ya fi tasiri. Tagwayen da ɗaya ke aikin ƙarfi ɗaya ke zaman ofis, hotunan bayansu sun yi kama sosai. Ɗaukar kaya na iya tayar da ciwo, shan taba ma na ƙara lalata gammo, amma da yawa daga abin da ake gani a hoto shekaru ne da jinin gida.

Eksire ba ya ganin gammo

Hoton da ya fi kusa da talaka shi ne eksire, wanda Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895. Ƙashi yake nunawa. Gammo da jijiya da laka duk haskensa ratsa su yake yi ya wuce, don haka inda gammo yake fili kawai ake gani. Likita zai iya cewa filin ya tsuke ko ƙashi ya fito da 'yan tsiro a gefe, amma ba zai iya cewa ga jijiyar da aka danne ba.

Mutum na iya fama da ɓullewar gammo mai tsanani eksirensa ya fito lafiya lau. Wani dattijo kuma da bai taɓa kukan baya ba, nasa ya fito cike da tsiro da tsukewa. Ga shi hasken da ke shiga jiki a hoton ƙugu ya ninka na hoton ƙirji sau goma ko fiye, kuma saitin mara yake bi, dalilin da ya sa ake son mace ta faɗa in tana zaton tana da juna biyu. Inda eksire ke da amfani shi ne karaya bayan faɗuwa ko hatsarin babur, gocewar gaɓa, da ƙashin da cuta ta riga ta cinye.

Na'urar CT ta fi shi fayyace ƙashi, tana yanka hoton jiki fale-fale, amma haskenta ya fi yawa kuma ba ta nuna laka da kyau. Wadda ke ganin gammo da jijiya da laka sosai ita ce MRI. Ba ta amfani da hasken eksire, maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo. Mutum zai kwanta cikin wani bututu na minti 20 zuwa 40 ba motsi, na'ura na ta buga ƙara a kansa. Duk wani ƙarfe sai an cire: zobe, ɗan kunne, laya ko guru ko kambun da ke da ƙarfe a ciki. Wanda ke da harsashi a jiki ko na'urar zuciya dole ya faɗa kafin ya shiga ɗakin.

MRI ba ta da yawa. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, aka wallafa a 2018, ya ƙirga 84 a Afirka ta Yamma baki ɗaya, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawan na Najeriyar masu ƙaramin ƙarfin maganaɗisu ne. Masu ƙarfin suna buƙatar sanyi da wutar lantarki dare da rana. Akwai takaici a nan ga mutanen da ruwan ƙofar gidansu ke juya injinan Kainji, waɗanda aka girka don ba da megawat 760, kuma fiye da mutum 40,000 na kakanninsu da iyayensu aka tasa daga garuruwa da tsibirai kafin a kammala madatsar a 1968.

Yadda ake koyon karanta hoton

Mutum biyu ne ke bayan kowane hoto, jama'a kuwa kan haɗe su. Akwai jami'in ɗaukar hoto, mai digirin shekara biyar, irin wanda ake bayarwa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, jami'ar da Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya taɓa shugabanta. Sai likitan hoto, wanda bayan karatun likita da hidimar ƙasa zai ƙara shekara biyar ko fiye a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Shi ne ke rubuta rahoton da majinyaci ke komawa da shi gida a ambulan.

Darasin farko ƙirga ne. Gaɓoɓin ƙugu biyar ana sa musu L1 zuwa L5, na ƙasansu kuma S1. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓullewar gammon ƙugu a wuri biyu take faruwa, tsakanin L4 da L5, da tsakanin L5 da S1, inda nauyin jiki ke taruwa. Amma wasu mutanen an halicce su da gaɓar ƙugu shida ko huɗu. Likitan hoton da ya yi kuskuren ƙirga na iya sa likitan tiyata ya buɗe inda ba nan ba.

Sai launi. MRI na fitar da hoto iri-iri, amma a wanda ake kira T2 ruwa fari yake fitowa. Gammon saurayi mai lafiya fari ne tas, wanda ya bushe kuma baƙi. A 2001 wani likita a ƙasar Siwizalan, Christian Pfirrmann, ya kasa wannan bushewa mataki biyar, daga fari mai tsayi zuwa baƙin da ya lotse, kuma har yau da shi ake aiki.

Daga nan sai siffa, inda kalmomi ke da nauyi. Akwai gammon da ya ɗan yi tumbi ta ko'ina kamar tayar da iskarta ta ragu. Akwai wanda ya turo ta gefe guda. Akwai wanda cikinsa ya fasa zaruruwa ya fito. Akwai kuma wanda ɓallinsa ya rabu ya faɗa kwararon jijiyoyi. Mai jin wannan jeri zai ɗauka na ƙarshen ya fi muni, amma bincike ya nuna shi ne jiki ya fi saurin narkarwa, domin ƙwayoyin garkuwar jiki na ɗaukarsa baƙo su cinye shi. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2017 ya nuna kusan biyu cikin uku na gammon da ya ɓulle na janyewa da kansa ba tare da wuƙa ba.

Darasi mafi wuya shi ne haɗa hoto da mutum. Gammon L4 da L5 yawanci jijiyar da ke ɗaga babban yatsan ƙafa yake dannewa, sai ka ga silifa na suɓuce wa mutum yana jan ƙafa. Na L5 da S1 kuwa ciwonsa bayan sha-raɓa yake bi zuwa gefen tafin ƙafa, mutum ya kasa ɗage. Idan hoto ya nuna ɓullewa ta dama, majinyaci kuma ƙafar hagu ke masa ciwo, to abin da aka gani ba shi ne mai laifi ba.

Masu lafiya da hotonsu ya ce ba su da lafiya

A 1994 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa wani bincike da har yau ake karanta wa masu koyon aikin. An ɗauko mutum 98 da ba su da ciwon baya aka sa su a MRI. Kashi 36 cikin 100 ne kawai duk gammayensu suka fito daidai. Kashi 52 na da wanda ya yi tumbi, kashi 27 na da wanda ya turo.

A 2015 wasu masana suka haɗa bincike 33 da ya ƙunshi mutum 3,110, su ma ba mai ciwo a cikinsu. Kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 sun riga sun fara bushewar gammo. A 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Wato furfura ce ta ciki. Babu mai zuwa asibiti don gemunsa ya yi fari, amma idan aka rubuta wa mutum a takarda da Turanci cewa ƙashin bayansa ya lalace, zai iya jingine taru, ya daina zuwa gona, ya kwanta. Kwanciyar kuwa ƙara sandarar da baya take yi.

Ko tsakanin ƙwararru ma karatun na bambanta. A Amurka an taɓa tura wata mace mai shekara 63 cibiyoyin MRI goma cikin mako uku, aka wallafa sakamakon a 2017. Rahotannin goma sun lissafo abubuwa 49 daban-daban a bayanta, kuma babu ko ɗaya da duka goman suka ambata. Baya ɗaya ne, mako ukun nan bai sauya ba.

Wani nazari a mujallar Lancet a 2009 ya kwatanta waɗanda aka yi wa hoto nan take da waɗanda ba a yi wa ba, cikin masu ciwon ƙugun da ba su da alamar haɗari. Ba a ga bambanci ba wajen raguwar ciwo ko komawa aiki. Saboda haka ƙa'idar da aka fi bi ita ce a jira kamar mako shida, mutum na motsa jiki gwargwadon iko, yana shan maganin da likita ya rubuta. Ga iyalin da sai sun sayar da tunkiya ko buhun shinkafa kafin su biya kuɗin mota da na na'ura, wannan jira ba rowa ba ce daga likita.

Haɗarin da ya fi kusa da irin wannan majinyaci ma yana cikin ledar kemis. Diklofenak da danginsa, idan aka daɗe ana sha, na jawo gyambon ciki da lalata ƙoda. Tiramadol na kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Haɗin da ake saka sitiroyid a ciki na sa a ji daɗi kwana biyu, amma yana raunana ƙashi, yana kuma buɗe wa cutar da ke ɓoye hanya.

Waɗanda bai kamata su jira ba

Akwai 'yan kaɗan da jiran mako shida zai iya gurgunta su. Mutumin da ciwon baya ya zo masa da kasa fitsari, ko fitsari da bahaya na zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya sage, daidai inda ke taɓa sirdi in an hau doki, ko ƙafafunsa biyu na ƙara mutuwa kullum, wannan alama ce cewa wani abu ya danne wutsiyar doki ko lakar kanta. Likitocin tiyata na so a yi hoto a sassauta wa jijiyoyin cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan haka abin da ya mutu ba lallai ya dawo ba.

Kunya na cin mutane a nan. Magidanci zai bayyana ciwon ƙafa dalla-dalla amma ya haɗiye maganar jiƙa wando ko mutuwar gaba, musamman in ɗansa ko surukinsa ne ya rako shi. Alhali wannan ita ce jimlar da za ta sa a rubuta masa takardar gaggawa.

Haka ma ciwon da ke tafe da zazzaɓi da zufan dare da rama, ko wanda ke tada mutum daga barci ko da bai motsa ba, ko na wanda ya taɓa yin sankarar mama ko ta mafitsara, ko mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko ƙaramin yaro.

Kwana biyun nan kuwa ba su da yawa ga mutumin gaɓar tafki. Daga Yauri zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 200 ne ta Koko da Jega. Zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da ke karɓar majinyata daga Kebbi da Zamfara, kimanin kilomita 300 ne ta Tambuwal. Wanda ya taso daga Wara, hedikwatar Ngaski, tasa ta fi haka. Na tsibiri kuma sai ya fara jiran jirgi. Kafin nan akwai taron dangi da neman kuɗi.

Cututtukan da littattafan waje ke bari sai ƙarshe

Yawancin littattafan da likitan hoto ke koyo da su a Turai da Amurka aka rubuta su, inda gammo da tsufa ke cika babin ciwon baya, cututtuka masu yaɗuwa kuma su samu 'yan shafuka a ƙarshe. A Kebbi jerin ba haka yake ba.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma idan cutar ta bar huhu ta shiga ƙashi, ƙashin baya ta fi so. Likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana ta tun 1779. Takan fara cin gaban gaɓa, yawanci inda ƙirji ya haɗu da ƙugu, ta bi ƙarƙashin jijiya ta tsallaka zuwa maƙwabciya, ta bar gammon da ke tsakani sai daga baya. Wannan barin gammo shi ne abin da ake koya wa mai karanta MRI ya lura da shi, domin sauran ƙwayoyin cuta gammon suke fara ci. Tana tara mugunya mara zafi da kan gangaro har matsematsi, daga ƙarshe gaɓa ta lotse mutum ya yi ƙusumbi. Eksire ba ya nuna ta sai ƙashi ya riga ya zube sosai. Amma hoton ƙirji da gwajin majina da sikanin ciki, waɗanda ba sai an je babban birni ba, na iya tona ta. Maganinta kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka, ana shan sa wata tara zuwa shekara guda.

Makiyayi ko mahauci, ko mai shan madarar da ba a dafa ba, na iya kamuwa da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. A jikin mutum takan zauna a gaɓoɓin ƙugu, ta ci kusurwar ƙashi ta yadda mai gaggawa zai ɗauka tsufa ne. Mai sikila kuma gaɓoɓinsa kan lotsa ta tsakiya su yi siffar harafin H saboda toshewar ƙananan hanyoyin jini.

Sai wadda ta fi shafar gaɓar tafki, wato tsargiya.

Kowa a bakin ruwa ya san fitsarin jini, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga ga yaro. Tsutsa ce ke kawo shi, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke son ruwa kwantacce mai ciyayi, irin wanda madatsar ruwa ke samarwa, kuma an daɗe da tabbatar da cutar a garuruwan Tafkin Kainji. Tana huda fatar mai wanka ko wanki ko kamun kifi, ta zauna a hanyoyin jinin mafitsara ko hanji tana zuba ƙwai.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, hanyoyin jinin mara na haɗe da waɗanda ke kewaye da ƙashin baya. Ba kasafai ba, amma yakan faru ƙwayayen su bi ta nan su maƙale a ƙarshen laka. Jiki ya taso musu da yaƙi, wurin ya kumbura. Ya fi samun samari da yara maza, kuma yadda yake farawa ne abin tsoro: ciwon ƙugu da ke sauka ƙafa, sai sagewa, sai rauni, sai fitsari ya riƙe, cikin kwanaki ko 'yan makonni. Sak da ɓullewar gammo. Eksire ba zai nuna komai ba. Gwajin fitsari da bahaya ma sau da yawa ba ya kama ƙwan.

A MRI kuwa alamar na nan ga wanda ya ɗaga ido ya duba sama da gammaye. Ƙarshen lakar zai kumbura ya yi haske a T2, kuma idan aka yi allurar da ke ƙara fito da hoto, sai a ga 'yan ɗigo-ɗigo a cikinta da kan jijiyoyi.

A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 22 daga wani ƙauyen masunta a Ngaski, an kai shi Sakkwato da takardar da aka rubuta kalma biyu kacal: ciwon ƙugu. Kusan uku cikin goma na sa'o'insa masu lafiya na da gammon da ya yi tumbi, don haka akwai yiwuwar a samu ɗaya a bayansa. Malaman fannin na gargaɗin ɗalibansu kan wata ɗabi'a ta ido, cewa da zarar ya ga abu na farko sai ya ƙoshi ya daina nema. In haka ta faru, rahoto zai fito da sunan gammon L4 da L5, a koma gida da maganin ciwo ko a fara shirin tiyatar da ba ta da amfani, kumburin laka kuma na ci gaba a sama.

In kuwa takardar ta ce masunci ne daga gaɓar Kainji, ya taɓa fitsarin jini yana yaro, ƙafa ta fara mutuwa kwana goma da suka wuce, kuma jiya ya kasa fitsari, hoton bai sauya ba amma mai karanta shi zai san inda zai fara dubawa, zai kuma nemi a yi allurar kafin majinyaci ya sauka daga na'ura. Maganin firazikwantel ne, wannan dai ƙwayar da ake raba wa 'yan makaranta kyauta, haɗe da sitiroyid na tsawon makonni ko watanni ƙarƙashin kulawar likita. Galibi ba sai an yi tiyata ba, kuma waɗanda aka fara wa da wuri sun fi samun damar sake tafiya da ƙafafunsu.

Layin nan na takardar neman hoto jami'in lafiya na Yauri ko Wara ko Shanga ne ke cike shi, sau da yawa da layin majinyata a bakin ƙofa. Likitan hoto a babban asibiti kan karanta hotuna da yawa a rana ba tare da ya ga fuskar masu su ba. Majinyaci da ɗan rakiyarsa na iya taimakawa, su faɗi sana'a da gari, su faɗi shiga ruwa da shan madara da tarin da wani ya yi a gida, su kuma roƙi a rubuta.

Akwai kuma abin da ke biyo baya. MRI ɗaya hotuna ne da yawa, wani lokaci fiye da ɗari, amma abin da ake bugawa a leda mai baƙi-baƙi zaɓaɓɓu ne. Al'adar da ta yaɗu yanzu ita ce a ɗaga ledar a taga, a ɗauka da waya, a tura wa wani likita ɗan uwa ta WhatsApp. Lotsewar ƙashi na iya fitowa a haka, amma ɗan hasken da ke cikin laka yawanci ɓacewa yake yi a hasken rana da matsewar hoto. Cikakken hoton na cikin faifan CD, wanda cibiyoyi da dama ke bayarwa in an nema. Shi ne likita na biyu zai buɗe a kwamfuta ya bi yanka bayan yanka, kuma da shi za a kwatanta in ciwon ya dawo bayan shekara, ba sai an sake biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato don a tambayi yadda bayan yake a da ba.